A daina cinikin biri a sama wajen zaɓen jami'a: aikin da ke gaban Majalisar Dokokin Borno

A Kasuwar Kwastam da ke Maiduguri, babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhun gero bai sa an kwance bakinsa ya damƙo ƙwayar ya duba ba. Mai sarin albasa sai ya sa an zazzage buhu ya ga ta ƙasa, don ya san ta sama ba ta ba da labarin ta ciki. Wannan ɗabi'a ce ta tsare jarin mutane da dama a shekarun da garin ya sha wuya. Abin mamaki shi ne, ranar da mutumin nan zai yi ciniki mafi tsada a rayuwar gidansa, wato zaɓa wa ɗansa ko 'yarsa makarantar gaba da sakandare, sai ya yi shi ido rufe.

Yadda abin ke gudana sananne ne. Idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, yaro zai karɓi kuɗi a hannun mahaifinsa, ya hau Keke Napep zuwa cibiyar rajista, ya bi layi. In ya iso gaban kwamfuta, mai cike fom zai tambaye shi makarantar da yake so da kwas ɗin da zai karanta, ga mutane a bayansa suna jira. Amsar da zai bayar sau da yawa daga hirar majalisa ta fito, ko daga wani ɗan unguwa da aka ga ya dawo da kakin bautar ƙasa, ko kuma daga shi kansa mai cike fom ɗin. Cikin mintoci kaɗan an yanke shawarar da za ta ci shekara huɗu ko biyar daga rayuwar yaron, da kaso mai tsoka daga jarin uban. Babu wanda ya gaya musu nawa karatun zai ci daga farko zuwa ƙarshe, ko hukuma ta amince da kwas ɗin, ko mutum nawa suka nema bara aka ɗauki nawa. Cinikin biri a sama ke nan.

Gyaran wannan al'amari yana hannun Majalisar Dokokin Jihar Borno da takwarorinta na sauran jihohin Arewa. Abin da ake buƙata doka ce gajeriya da za ta wajabta wa manyan makarantu su riƙa bayyana wasu ƙayyadaddun bayanai kowace shekara, a tara su wuri guda a intanet, kyauta, cikin tsarin da ɗalibi zai iya jera makarantu biyu ko uku ya kwatanta su kamar yadda ake jera haja a kasuwa. Rabin waɗannan bayanai kuwa a ofisoshin hukumomin tarayya suke kwance, don haka maganar ta shafi ma'aikatan da ke riƙe da su kai-tsaye.

Ɗalibin Borno na yau yana da zaɓi fiye da wanda iyayensa suka samu. Akwai Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanar da sanya mata sunan marigayi Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025. Akwai jami'ar jihar da aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Kashim Ibrahim, da Jami'ar Sojoji ta Biu da aka kafa a 2018, da Jami'ar Al-Ansar mai zaman kanta. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, ga kwalejojin ilimi na Maiduguri da Waka-Biu, ga Kwalejin Shari'a da Addinin Musulunci ta Mohammed Goni, ban da makarantun jinya da na kiwon lafiya. Kowace da nata tsadar, da nata ƙarfin, da nata raunin. Yawan zaɓi alheri ne ga wanda ya san abin da ya bambanta su. Ga wanda bai sani ba kuwa, ƙarin ruɗani ne.

Kuskure a wannan mataki yana da tsada, kuma hanyoyinsa suna da yawa. Ta farko ita ce tantancewa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kwas-kwas take tantancewa, ta ba wani cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ta ba wani ta wucin gadi ta shekara biyu, ta hana wani gaba ɗaya. Ke nan jami'a guda tana iya zama da sashen da ya tsaya da ƙafafunsa da wanda ke tangal-tangal, alhali allon da ke bakin ƙofa suna ɗaya ya nuna. Kwasa-kwasan sana'a kamar likitanci da lauya da jinya suna da wani shingen kuma, domin hukumomin sana'o'in suna ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. A watan Janairun 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas bisa matakin Majalisar Ilimin Shari'a, ciki har da Jami'ar Jihar Taraba da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Wanda ke karanta jarida ya gani. Ɗan mai sayar da kayan miya a Kwastam da wuya labarin ya iske shi a kan kari.

Hanya ta biyu ita ce gurbin da ba a bi ta ƙa'ida ba. Tun 2017 JAMB ta kafa tsarin CAPS, wanda ta cikinsa kaɗai ake ba da gurbi halastacce. Ɗalibin da makaranta ta ɗauka ta bayan fage zai yi karatunsa, ya ci jarrabawarsa, sai ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa ya tarar sunansa ba ya cikin kundin JAMB. Ta uku ita ce makarantun jabu. A watan Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu ya wallafa yadda ya samu kwalin digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo a Janairun 2024. A watan Agustan shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Babu shakka a cikinsu akwai waɗanda suka san abin da suka saya. Akwai kuma iyayen da suka sayar da fili ko shanu da zuciya ɗaya, domin dillali ya ce musu makarantar tana da rajista kuma babu inda za su duba su ƙaryata shi.

Sai batun lokaci da kuɗi. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Digirin da takarda ta ce shekara huɗu ne ya koma biyar ko shida ga ɗalibai masu yawa, kuma kowace ƙarin shekara kuɗin haya ne da na abinci da na mota. A 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da ta Maiduguri da ta Bayero da ke Kano, suka ƙara kuɗin rajista. Duk wannan ya faɗo ne a kan 'yan kasuwar da suka ga gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, suka kuma ga ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta mamaye sassa da dama na birnin. Mutumin da ke sake haɗa jari daga tushe ba shi da rarar da zai yi gwaji da ita.

Zuwan asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, ya ƙara wa maganar nauyi. Asusun yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ya ba shi Naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Taimako ne na gaske, amma bashi ne. Gwamnatin da ta buɗe wa yaro ɗan shekara goma sha takwas ƙofar cin bashi, wajibi ne ta nuna masa abin da zai saya da shi.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya, kuma a Amurka majalisun jihohi suna cikin waɗanda suka yi gaba. A 2012 jihar Bajiniya ta yi dokar da ta umarci hukumar ilimi mai zurfi ta jihar ta riƙa wallafa, kowace shekara, kason ɗaliban da suka samu aiki bayan wata 18 da kuma bayan shekara biyar da kammalawa, tare da matsakaicin albashinsu da bashin karatun da ke kansu, kwas-kwas, makaranta-makaranta. Dokar ta haɗa har da makarantu masu zaman kansu da ɗalibansu ke cin tallafin jihar. A 2020 Bajiniya ta Yamma ta yi tata dokar ta haƙƙin ɗalibi na sanin gaskiya, wadda ta ce a tattara bayanan tsadar karatu da ayyukan da kasuwa ke nema a kai su makarantun sakandare, kuma Kentaki ta yi makamanciyarta. Gwamnatin tarayyar Amurka ta ƙaddamar da shafin College Scorecard mai bayanan albashi da bashi a Satumban 2015. A Ingila an wajabta wa jami'o'i fitar da irin waɗannan bayanai tun 2012, kuma a yau shafin Discover Uni ne ke ɗauke da su. Abin da ya haɗa su duka shi ne hukuma ce ta tsara tambayoyin, makaranta ba ta da ikon zaɓen wadda za ta amsa.

Ana iya tambaya ko jiha tana da hurumin yin haka a Najeriya. Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya ikon tsara mafi ƙarancin ma'aunin ilimi a kowane mataki, amma ya sanya ilimin jami'a da na fasaha da na sana'a cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke da ikon yin doka a kansu. Majalisar da ta kafa jami'ar jiha da kwalejojinta, take kuma amince musu da kasafi kowace shekara, tana da cikakken ikon ce musu su faɗa wa jama'a abin da suke yi. Makarantun tarayya da masu zaman kansu ba sa ƙarƙashinta, amma akwai igiyar da za ta iya ja, wato hukumar tallafin karatu ta jihar. Sai doka ta ce duk makarantar da ke son a biya mata kuɗin ɗaliban Borno daga baitulmalin jiha, ta cike fom ɗin da kowa ya cike. Ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta umarci hukumomin gwamnati su riƙa wallafa bayanansu tun kafin a tambaye su, wadda kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Afrilun 2025 cewa ta shafi jihohi.

Abubuwan da ya kamata dokar ta nema ba su da yawa, kuma duk suna cikin fayil ɗin magatakardar kowace makaranta. A kan kowane kwas, a bayyana matsayin tantancewarsa da ranar da za ta ƙare, da adadin da hukumar sana'a ta amince a ɗauka in akwai. A bayyana mutum nawa suka nema a bara, nawa aka ɗauka, da mafi ƙarancin makin wanda ya samu shiga. A bayyana jimillar kuɗin da ɗalibi zai biya a shekarar farko da shekarun da ke biye, har da ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa da sunan karɓar gurbi ko na sashe ko na ɗakin gwaji. A faɗi yawan gadajen da ke ɗakunan kwanan ɗalibai, musamman na mata, domin a gidaje da yawa wannan ne ke yanke hukuncin ko yarinya za ta tafi ko za ta zauna. A faɗi cikin ɗalibai ɗari da suka shiga, nawa suka gama a kan lokaci, da tsawon jiran da suka yi kafin sakamako ya fito a tura su bautar ƙasa. A ƙarshe, a faɗi yadda ɗaliban makarantar suka yi a jarrabawar hukumomin sana'a, irin ta malamai da ta ma'aikatan jinya.

Dole dokar ta guji abu guda, shi ne jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Irin wannan jeri yana sa makarantu su koma neman matsayi ta kowace hanya. A 2022 wani farfesan lissafi na Jami'ar Columbia da ke New York, Michael Thaddeus, ya nuna cewa alƙaluman da jami'arsa ta miƙa wa mujallar da ke jera jami'o'in Amurka ba su yi daidai ba, jami'ar ta amsa kuskure, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Kafin nan, a 2021, kotu ta samu wani tsohon shugaban tsangayar kasuwanci ta Jami'ar Temple da laifin zamba kan ƙirƙirar alƙaluma don a ɗaga tsangayarsa. Idan manyan jami'o'i masu dukiya sun faɗa wannan rami, ƙananan ma za su iya. Aikin hukuma shi ne ta shimfiɗa gaskiya a faifai. Wanda ke neman karatu kusa da gida don ya riƙa taimaka wa mahaifinsa a shago da wanda ke neman likitanci ko ina yake, ba ma'auni ɗaya za su auna da shi ba.

Akwai hujjoji na gaskiya da za a kawo a kan wannan shawara. Za a ce intanet da wutar lantarki ba su wadata ba, kuma mutanen Maiduguri ba su manta da dogon duhun da suka shiga ba bayan an lalata turakun wuta a Janairun 2021. Amsar ita ce a gina abin don ƙaramar waya tun daga farko. JAMB da kanta ta gajeren saƙo zuwa lambar 55019 take fara rajistar ɗalibi, kuma kimanin mutum miliyan biyu suka yi rajista a 2025. In ana iya haka, ana iya sa yaro ya tura lambar kwas ya samu amsar matsayinsa da kuɗinsa. A fitar da bayanan da Hausa da Kanuri da Turanci, a buga su a takarda a kai kowace sakandare a ƙananan hukumomi 27 kafin a buɗe rajista, a karanta su a gidan rediyon jiha, a liƙa su a ofisoshin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, inda masu biyan kuɗin suke wuni.

Za a ce kuma Najeriya ba ta da bayanan albashi irin na Amurka, inda ake haɗa sunayen ɗalibai da kundin haraji, alhali a nan yawancin masu digiri sana'ar kansu suke yi ko aikin da ba ya cikin kundi. Gaskiya ne, kuma saboda haka bai kamata dokar ta yi alƙawarin abin da ba za a iya aunawa ba. Alƙaluman bogi sun fi rashin alƙaluma illa: a 2015 ma'aikatar ilimin Amurka ta ci tarar kamfanin makarantu na Corinthian Dala miliyan 30 saboda ƙarya game da yawan ɗalibansa da suka samu aiki. A fara da abin da ke rubuce, a bar batun albashi sai an samu hanyar tabbatar da shi, tare da kiyaye Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta yadda ba za a fitar da sunan kowane ɗalibi ba.

Shugabannin wasu makarantu za su ji tsoron tonon asiri, musamman waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da matsuguninsu na tsawon shekaru. Adalci ne a ba kowace makaranta fili ta yi bayanin halin da ta shiga a gefen alƙalumanta. Amma ɓoye rauni ba ya warkar da shi. Kwas ɗin da ya rasa amincewa saboda rashin malamai ko kayan aiki, fitowarsa fili ita ce hujja mafi ƙarfi da shugaban makaranta zai riƙe ranar kare kasafi. Haɗari mafi girma shi ne abin ya zama kwangila: a ƙaddamar da shafi da biki, bayan shekara guda ya mutu. Maganin wannan yana cikin rubutun dokar. Ta ambaci jami'in da alhakin ke wuyansa, ta sa ranar sabunta bayanai kowace shekara, ta ba babban mai binciken kuɗi na jiha ikon tantance su, ta kuma tanadi hukunci a kan wanda ya sa hannu a kan ƙarya.

A nan ne aikin ma'aikatan tarayya ya shigo. JAMB ta san adadin masu nema da waɗanda aka ɗauka a kowane kwas a ƙasar nan. NUC da NBTE da NCCE suna da sakamakon tantancewa na jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi. Hukumar NYSC ta san lokacin da kowace makaranta ke miƙa sunaye, NELFUND kuma ta san kuɗin da kowace ke karɓa. Wasu daga cikin bayanan suna intanet, amma a warwatse, cikin dogayen takardun Turanci da ƙaramar waya ba ta iya buɗewa. A watan Agustan 2025, da yake bayyana dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai, ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ba su samu masu nema ɗari ba ta hannun JAMB, 34 kuma ba su samu ko mutum guda ba. Alƙaluman da suka isa a gina manufar ƙasa a kansu sun isa a nuna wa yaron da zai cike fom. Daraktan da zai ba da umarnin a fitar da su cikin tsarin da jihohi za su iya ɗauka, da hadimin da zai sa batun cikin takardar da maigidansa zai karanta, za su yi aikin da ba ya buƙatar sabon gini ko sabuwar hukuma.

Borno tana da dalilin da zai sa ta riga kowa. Gwamna Babagana Umara Zulum farfesa ne da ya koyar a Jami'ar Maiduguri, ya kuma shugabanci Kwalejin Ramat, don haka ya san inda waɗannan takardu suke da abin da ke cikinsu. Wa'adinsa zai ƙare a watan Mayun 2027, kuma doka tana daɗewa bayan wanda ya sa mata hannu ya sauka. Kwamitin ilimi mai zurfi na majalisar jihar zai iya fara sauraron ra'ayin jama'a tun yanzu, ya gayyaci magatakardun makarantu da shugabannin sakandare da shugabannin 'yan kasuwar Kwastam su zauna a zaure guda. Tambayar da za a fara yi wa 'yan kasuwar mai sauƙi ce: me suke so su sani kafin su ƙirga kuɗin rajista su miƙa wa yaro? Amsarsu ita ce daftarin farko na dokar.